Bindigar da Ta Karkata Hagu

Kusan kowane mako sai wani saurayi ya tsaya da mota a ƙofar ɗan shagona na gyaran kayan ruwa a unguwar Bani Malik ta Jidda, ya shigo da waya a hannu, ya nuna mini hoton bindigogin kifi guda biyu. "Ya ammi Idi, kabon walla alminiyom?" Wato wacce zai saya, ta kabon ko ta alminiyom. Ko injin motar bai kashe ba, wai amsa yake jira ta kalma ɗaya. Nakan ce ya je ya kashe, ya dawo ya zauna a kan benci, don tambayar da ya yi ta taɓa kusan raba ni da teku, kuma ba na ba da labarinta a tsaye.

Ku samarin yanzu kuna ganin abin kamar wasa ne: a sa gilashi a fuska, a sa takalmin iyo, a leƙa ƙasa, a danna kunama, a ɗauki hoto da kifi. Ita bindigar ma ba wani abin a zo a gani ba ce. Bututu ne mai tsawon kamu biyu ko fiye, da kibiyar ƙarfe kwance a bayansa, da roba mai kauri da ake ja a maƙala, da igiyar da ta haɗa kibiyar da bindigar. Ba albarushi, ba ƙara. Abin da hoto ba ya nuna muku shi ne mutumin da ke kwance a ƙasan ruwa da numfashi ɗaya tak a ƙirjinsa, yana jiran kifin da ba sauri yake yi ba.

Ni Basarke ne daga Gaya ta Nijar, a bakin Kwara, kuma na iya iyo tun kafin in iya Fatiha. A ƙarshen shekarun saba'in na biyo kawuna aikin hajji, shi ya koma, ni na tsaya. Aikina na farko a wata masana'antar ƙanƙara ne a Madinar Masana'antu, muna loda sandunan ƙanƙara a mota mu kai wa masu jiragen kamun kifi. Wata safiya ina sauke kaya na tarar da wani gajeren mutum mai faɗin ƙirji yana ta faɗa da igiyar da ta nannaɗe farfelar injinsa. Na tuɓe riga na faɗa ruwa da 'yar wuƙata. Gishiri ya ci mini ido kamar an zuba barkono, don ban taɓa buɗe ido a ruwan teku ba, amma ban fito ba sai da igiyar a hannu. Mutumin ya dubi agogonsa, ya dube ni. Shi ne Rayis Hamid, mutumin unguwar Ruwais, mai jirgi kuma shugaban masu nutso a cikinsa. Kafin wata biyu iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, ta koma hannunsa, ya zama kafilina mai tsaya mini wajen hukuma, ya zama malamina.

Wata shida bai bar ni na riƙe bindiga ba. Da mun isa sha'ab, wato duwatsun murjani inda kifi ke zama, sai ya nuna ƙasa da haɓa ya ce, "Yalla, je ka kawo mini yashi." In nutsa, in damƙo yashi, in kawo, ya duba kamar mai sayen gero, ya zubar, ya matsar da jirgi inda ya fi zurfi. Ya koya mini toshe hanci in hura kunne kafin ya fara ciwo. Ya koya mini cewa ba a nutso sai da wani a sama yana kallon bayanka, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, ko da kifi na kiran sunanka. Na zo da girman kai na ɗan masunta, sai na tarar abin da na sani bai da amfani sosai. Ruwanmu na gida kamar kunu yake, da hannu da ƙafa ake laluben kifi. A Bahar Maliya kuwa kana sama kana hango inuwarka a ƙasa gaba goma. A gida "kifi na ganinka, mai jar koma" karin magana ce, a nan na tarar zahiri ne.

Bindigata ta farko alminiyom ce, abin da muke ce wa goran ruwa a gida, irin na tukwanen mata. Rayis ya samo mini ita wajen wani Bature da ya gama kwangila zai koma ƙasarsu. Ranar da ya miƙa mini, na ɗaga ta na kanne ido ɗaya kamar soja, sai ya doke mini ƙeya. Da Larabci yake magana, ni ke mayar muku da ita Hausa.

"In kana nuna wa baƙo hanya da yatsa, yatsan kake kallo?"

Na ce a'a.

"To kalli kifin. Bayan ido, wurin da bai fi tsabar kuɗi ba. Ka bar hannu da aikinsa."

Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta. Ku riƙe kuma wata ƙa'idar jirginmu: ba mai taɓa bindigar wani. Ko a kan ƙafarka ta faɗi, sai ka kira mai ita ya ɗauke. Rayis ya ce ya ga zumunci ya lalace a kan haka, mutum ya yi kuskuren harbi ya ce wane ne ya taɓa masa roba. Shekara da shekaru muna ci a tire ɗaya da mutane, ban san nauyin bindigarsu ba, ba su san na tawa ba.

Sai fulas ɗin shayi. A jirginmu ba a korar kowa. In mai nutso ya tsufa, ko ƙirji ya gaza, ko hannu ya daina samu, ba wanda zai ce masa uffan. Wata safiya kawai Rayis zai miƙa masa babban fulas ɗin nan mai jan murfi ya ce, "Yau kai ne da shayi." Shi ke nan. Daga ranar zai zauna a jirgi ƙarƙashin laima, yana lura da masu nutso, yana karɓar kifi, yana zuba shayi. Rabonsa na nan, girmansa na nan, amma shi da ƙasan teku sai a labari. A zamanina wani dattijo ɗan Sudan ne, Ammi Usman, ke riƙe da fulas, kuma in ya zuba maka shayi yakan tambaye ka, "Dutsen nan mai baki biyu yana nan?" kamar mai tambayar mutanen garinsu.

Wani hamur na tuna, a shekarata ta uku da bindiga. Hamur kifi ne mai ƙaton baki da ke zama a kogo, in ka harbe shi bai mutu nan take ba sai ya ja ciki ya buɗe kunnuwansa ya tokare. Wannan ya kai girman ɗan akuya. Na nutsa masa sau bakwai, yana ciki da kibiyata, ya ƙi ko motsi. A na takwas haushi ya kama ni, na cusa bututun bindigar tsakanin dutse da kibiya na danna da dukan ƙarfina kamar mai ɓanɓare ƙofa. Ya fito. A jirgi aka yi ta yi mini barka, na duba bindigar na ga 'yar lotsawa ce kawai a tsakiya, ban ko damu ba. Makonni kaɗan bayan nan na yi ta kuskuren harbi, na ɗora laifin a kan mura, daga baya hannu ya dawo daidai na manta da zancen.

Kifinmu a bangala muke kai shi, babbar kasuwar kifi, wajen Bukar, wani dillali mutumin Cadi mai Hausa kamar jakin Kano. Shi ke saya wa gidajen abinci da masu biki. Abin da suke so najil ne, jan kifin nan mai ɗigo-ɗigon shuɗi, sarkin kifin Jidda, kuma suna son sa ɗungurungum don a ɗora a tire a gaban baƙi. Wanda aka harba a bayan ido ramin ɗan ƙarami ne, ana rufe shi da yankin lemun tsami ba wanda zai gani. Wanda aka fasa wa ciki kuwa sai dai a daddatsa a sayar a kilo. Nan sunana ya fito. Bukar yakan ɗaga kifina ya ce wa mai saye, "Na Idi ne. Nemo ramin, in ka gani na ba ka kyauta." Akwai wata dattijuwa 'yar Jidda da ke zuwa da tabarau a jaka musamman don wannan, ta juya kifin sama da ƙasa, in ta gano ramin ta ce saura kyautar. Bai taɓa ba ta ba, ita kuma ba ta taɓa fasa tambaya ba.

Fiye da shekara ashirin ina tare da wannan bindiga, har abokan aiki suka sa mata suna Tsohuwa. Na san halin alminiyom ciki da bai. Tana da haƙuri: ka buga ta da dutse ta lotsa ta ci gaba da aiki, kuma kuɗinta ba ya karya mutum. Amma in ka yi kwana biyu ba ka ɗauraye ta da ruwan daɗi ba, gishiri zai ci gindin kusoshi, ka ga wani farin gari kamar kanwa yana fitowa. In toshiyar bakin bututun ta saki, ruwa ya shiga, bindigar da ya kamata ta taso sama da ka sake ta sai ta bi ƙasa ta bar ka da kallo. In ta gogi dutse tana ƙara kamar an buga kwano, duk kifin unguwar ya ji. Doguwar kuma in ka ɗora mata roba biyu masu ƙarfi tana ɗan lanƙwasa. Da yamma mutane suka fara kawo mini nasu gyara a gida, ina canza roba, ina miƙe kibiya, ina toshe bututu. Na gyara bindigogin rabin masu nutson Jidda, ban da na jirginmu.

Kabon ta shigo mini ta hannun Injiniya Kabiru, wani Bakano da ya zo aikin kwangilar gine-gine, yana bin mu ranar Alhamis don sha'awa. Ni na koya masa nutso, ni na aike shi ɗebo yashi, ya yi ta ƙorafi kamar yadda na yi. Da kwangilarsa ta ƙare ya zo har gida da doguwar jaka.

"Baba Idi, wannan orijinal ce, ita ake yayi yanzu. Ka huta da Tsohuwa haka nan, ta yi ritaya."

Na ɗaga ta na ji kamar karan dawa. Baƙa ce wuluk mai ƙyalli, an yi ta da wasu zarurruka da aka saƙa aka daskarar, ba ta tsatsa, ba ta lanƙwasa, ba ta ƙara in ta taɓa dutse. In dirak ya gifta, dogon kifin nan mai gudu, kana juya ta a ruwa kamar hannunka. Aibinta ɗaya na sani a lokacin: ba ta lotsawa, tsagewa take yi. Na taɓa ganin wadda aka datse da murfin bayan mota, ta dare kamar rake, ba guduma ba walda. Wallahi na yi murna kamar yaro da kayan sallah. Na cire robar Tsohuwa na jingine ta bayan ƙofa. A jirgi kuwa bakina bai yi shiru ba, har cewa na yi masu alminiyom su mayar wa matansu a ƙera tukunya.

Daga nan shekarar wahala ta fara. Fita ta farko najil uku na harba, biyu suka wuce suna kaɗa mini wutsiya, ɗaya na fasa masa ciki. Na ce sabo ne. Wata ɗaya, wata biyu, wata huɗu, ba canji. Na canza roba. Na canza kibiya. Na rataye gorar roba da dutse a ruwa mara zurfi, na kanne ido na bi bututun da kallo kamar soja, na harba, na huda gorar a tsakiya sau biyar a jere. Ke nan bindiga ba ta da laifi. Amma da na sauka gaban kifi sai abin ya dawo. Na je wajen likitan ido, ya sa na karanta haruffa har na ƙasan allo, ya ce idona ya fi nasa. Bukar ya daina ɗaga kifina sama. Wata rana yana juya su a kan tebur ya ce, "Idi, abin mamaki, duk kifinka ta haƙarƙarin hagu suke mutuwa. Kun yi faɗa da na dama ne?" Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ba ta kai ciki ba.

Za ku ce me ya hana ni komawa wa Tsohuwa. Baki ne ya hana. Wanda ya aika mutane ƙera tukunya da wane ido zai shigo jirgi da tukunyarsa a hammata? Kuma a zuciyata na riga na yanke cewa ni ne na ƙare. In bindigar da ta fi kowace miƙewa ta kasa a hannuna, tsohuwa mai lotse me za ta yi mini?

A cikin wannan shekara Ammi Usman ya tattara ya koma ƙasarsu, fulas ya zama ba mai shi. Rayis, wanda ya daɗe da rage nutso don shi ke tuƙi, ya riƙa ajiye shi ƙarƙashin mazauninsa yana zuba mana da kansa. Kowace safiya in muka taru a bakin ruwa idona na kan jan murfin nan. Tsoro nake ji, ba na ɓoye muku, tsoro irin wanda ban taɓa ji ba ko a gaban girsh, kifin nan mai cin mutane. Shekaruna hamsin da 'yan kai, ƙirjina lafiya lau, kuma ban san wani wuri a duniya da nake jin daɗinsa kamar ƙasan ruwa ba. A farkon Sha'aban muna dawowa, Rayis yana kallon gaba ya ce, kamar da iska yake magana, "Fulas ɗin nan ya fara yi mini nauyi. Bayan azumi sai na nema masa mai shi." Ba wanda ya dube ni, kuma rashin duban ne ya gaya mini komai.

Matata Hadiza, uwar ɗanmu Sani, tela ce, tana ɗinki wa matan unguwa a ɗakin tsakiya. Mu biyu in muna gida Hausar Gaya muke yi. Wata Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da ita tsaye da yadin labule a hannu, fuska a murtuke, Tsohuwa kuma kwance a kan teburin yanka.

"Malam, wagga sanda taka ta ɓata min yadin mutane."

Na ce mi ya kai bindigata wurin yadi?

"Doguwar rula nika nema, na ga ta nan ba ta aikin komi. Na ja layi da ita, na yanka. Duba bakin labule, ya yi ciki awa ƙwarya."

Na ce hannunta ne ya goce, don bindigar nan ta ci da gidan nan shekara ashirin, kuma in akwai abu miƙaƙƙe a Jidda ita ce. Hadiza ba ta yi gardama ba. Ta warware zare daga bakin keke, ta sa na danne shi a bakin bututun, ta ja shi tantsan har gindin kunama. A baki da gindi zaren na manne da ƙarfe. A tsakiya, daidai lotsawar hamur ɗin nan, ta zura ƙaramin yatsanta tsakanin zare da bututu ya shige.

"To, mai gyaran na mutane," in ji ta. "Laifi tudu ne."

Na zauna a kan buhun shinkafa ina jujjuya bindigar, har ta zaci fushi na yi. Lissafin abin nake yi. Bututun ya karkata hagu, ke nan kibiya hagu take zuwa. Tun shekarar hamur hannuna ya gane haka, ya riƙa ɗan turawa dama ba tare da ya shawarce ni ba, ni kuma idona na kan kifi yadda aka koya mini. Ba wanda ya taɓa ɗaga ta ya duba, don ba a taɓa bindigar wani. Da na ɗauki kabon mai miƙewa hannu ya ci gaba da gyara karkatar da babu ita. Kifin da ya fuskanci hagu sai kibiya ta same shi a haƙarƙari, wanda ya fuskanci dama ta wuce ta gaban hancinsa. Ga amsar Bukar. Na tashi na sumbaci labulen da ya lalace, Hadiza ta ce in na gama sai in je in sayo wani yadin, don mai shi ba sumba ta ba da ɗinki ba.

Fita ɗaya ta rage kafin azumi. Na sa wa Tsohuwa sabuwar roba, na naɗe ta a buhu na shiga jirgi. Da na warware, wani abokin aikinmu ya ce, "Ahlan, tukunya ta dawo. Yau dafuwa za a yi?" Na haɗiye, don ni na tsokano.

Na sauka a gefen dutsen nan mai baki biyu na kwanta. Ba a daɗe ba najil ya fito, madaidaici, ya tsaya yana kallona. Sai na ji kaina na cewa: ka tuna fa tana zuwa hagu, tura dama. Na tura. Kibiya ta wuce shi da kamu guda ta daki dutse. Na biyu ma haka, har ya fi na farko muni. Hannu ya gyara, ni kuma na zo na ƙara gyara a kan gyara. Na taso na kama gefen jirgi ina haki, na ɗaga kai, ga Rayis zaune da fulas a kan cinya. Ban san lokacin da na zayyana masa komai ba, tun daga hamur har labule.

Ya saurara har na gama. Sa'an nan ya ce, "Shekara ashirin hannunka ya san wannan magana bai gaya maka ba, don ya san halinka. Yanzu ka ji, ka zo kana koya masa aiki. Me na ce maka ranar farko?"

Na ce, kalli kifin.

"Halas, magana ta ƙare. Yalla."

Na yi numfashi a sama har zuciya ta kwanta, na tanƙwara na sauka. Na kwanta a kan yashi, na miƙa hannu, na bar shi can kamar ba nawa ba. Ƙananan kifaye suka watse suka dawo. Ƙirji ya fara ƙwanƙwasa mini ƙofa, na ce ya jira. Sai ga wani najil ya zagayo ta bakin dutse na biyu, babba, ja kamar gauta, yana tafe a hankali, tafiya irin ta mai gari. Ya juya ya fuskanci dama, ɓangaren da na shekara ban samu ba. Na ƙura wa bayan idonsa ido har na ga ɗigon shuɗi guda biyu a wurin, na zaɓi tsakaninsu. Ban tuna danna kunama ba. Kifin ya yi tsam, ya buɗe baki, ya kife a hankali ko shure-shure bai yi ba.

Da na miƙa shi jirgi Rayis ya juya shi sau biyu kafin ya ga ramin. Sa'an nan ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ce, "Da izininka, ya Abu Sani," ya miƙa hannu ya ɗauki Tsohuwa, ya kanne ido ya bi bututun da kallo. Ya fara dariya, ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya duba ya fashe. Ranar ƙa'ida ta tafi hutu, bindigata ta zaga hannun kowa.

"Da wannan ka yi suna a bangala?" in ji Rayis yana share hawaye. "Tsohon doki sai mai shi."

Ya buɗe jan murfin, ya cika ƙaramin kofi ya miƙo mini ina cikin ruwa. Kofin kawai. Ya rufe fulas ya tura shi can ƙarƙashin mazauninsa da diddige. Ban taɓa shan shayi mai daɗin wannan ba, ko da rabinsa ruwan gishiri ne daga gemuna.

To ga amsarku, ku masu barin inji a kunne. In hannunka sabo ne, bai saba da komai ba, kuma aljihu zai ɗauka, kuma kifin fili mai gudu kake bi, sayi kabon, za ta yi maka gaskiya, ka dai kiyaye ta da dutse da murfin mota. In a cikin duwatsu za ka yi ta cusa kai kana koyo, sayi alminiyom, ka ɗauraye ta kullum, ka bar ta ta sha dukan da kai ya kamata ka sha. Amma kowace ka ɗauka ka zauna da ita, kada ka riƙa sauyawa duk wata don ka ga sabon hoto. Kuma sau ɗaya a shekara ka ja mata zare. Ni yanzu duk bindigar da ta shigo shagon nan da zare nake fara gaishe ta, kuma in na ga ta karkata ba na miƙewa sai na tambayi mai ita shekara nawa suka yi tare. Kabon ɗin Injiniya tana hannun ɗana Sani, wanda bai taɓa riƙe karkatacciya ba, yana harbi da ita kamar an auna da rula. In na ce ya gwada Tsohuwa sai ya ce, "La ya Baba, hadi sai kai," wato a'a, wannan sai ni.

Na ƙara shekara shida ina nutso da ita. A ta bakwai kunnen dama ya fara ƙin buɗewa a gaba biyar, na gwada mako uku, na san abin da na sani. Wannan karon ba zare da za a ja. Wata safiya muka taru a bakin ruwa, Rayis ya tsufa har sai an kama shi yake shiga jirgi, fulas na hannunsa, ga shi yana neman inda zai dafa. Ban jira ya yi magana ba. Na jingine Tsohuwa a kan buhun ƙanƙara, na miƙa hannu na ce, "Kawo, ya Rayis, ya yi maka nauyi."

Ya dube ni, ya sakar mini. Ranar nan, da Sani, wanda ya riga ya fara fita tare da mu, ya taso daga nutsonsa na farko ya kama gefen jirgi, na zuba masa shayi, na ji bakina yana tambayarsa ko dutsen nan mai baki biyu yana nan.